Na je kallon kala da kyamarar da ba ta ganin kala

Muna tsaye a Newfound Gap, wata mashiga a saman duwatsun dajin Great Smoky Mountains na Amurka, iska na kaɗa mu kamar zata cire mana kunne, mutumina ya dube ni ya dubi ƙarfen da na rataya a wuya yace "kai yanzu tsakani da Allah, duk jama'ar nan da kake gani kala suka zo kallo, wasu tun daga Fulorida suka tuƙo mota, kai kuma ka rasa abun da zaka zo dashi sai fim ɗin baƙi da fari? wannan ai zuwa gidan biki ne da azumi a baki." Na yi dariya kawai don a lokacin wallahi bani da amsar da zan bashi, gabanmu duwatsu ne sun jeru har inda ido ya tsaya, kowanne ya sha ja da rawaya da ruwan goro kamar an baza atamfofi a rana, kowa ya ɗaga waya sama yana ta ƙyas ƙyas, ni kuma ina ta murɗa gilashin kyamara ina lissafi kamar mai awon gwal.

Kyamarar Pentax K1000 ce, a wata kasuwar gwanjo na tsince ta a nan Atlanta, nauyi kamar dutsen guga. Tun 1976 aka fara yin irinta har 1997, ba ta da wani wayo ko kaɗan, batir ɗin da ke cikinta ɗan ƙarami ne kamar na agogo kuma allurar auna haske kawai yake motsawa, in ya mutu ma zata ci gaba da ɗaukar hoto abinta. Abun da yasa na saye ta kuwa wani hoton Baba ne, Allah ya jiƙan shi, da aka ɗauka a wani sutudiyo a Sabon Garin Zariya tun kafin a haife ni, yana tsaye ya dafa wani ɗan tebur mai fulawar roba ya karkato hannu yadda agogonsa zai fito. Duk yarintata na ɗauka babbar rigar nan ruwan toka ce, sai wata rana Hajiya take cewa ai koriya ce shar, hular kuma ja, wai ita ta wanke ta ta kai wa mai bugu ana gobe za a ɗauki hoton. Tun daga ranar in na kalli hoton koren nake gani, alhali takardar ba ta canza ba. Har dodon hoton yana nan cikin ambulan a ƙasan akwatinta, muna yara mukan ɗaga shi a rana mu ga Baba da farar fuska da baƙin haƙori mu ruga da gudu.

To shi ne da kaka ta shigo nace bari in je in gwada. Kakar nan ba irin tamu bace ta sabon gero da gyaɗa da rake, tasu kaka ganye ne ke mutuwa, amma mutuwa ta ado. Rana ta fara gajarta sai bishiya ta daina yin sinadarin da ke sa ganye kore, rawayan da dama yana ƙasa a ɓoye sai ya bayyana, jan kuma sukari ne da ya maƙale a ganyen idan an samu rana mai haske da dare mai sanyi. A dajin Great Smoky Mountains abun daga sama yake farawa, ƙololuwar duwatsu su rine tun farkon Oktoba, sai kalar ta dinga gangarowa a hankali har ta iso kwari wajen ƙarshen wata zuwa farkon Nuwamba. Mu a satin ƙarshe na Oktoba muka je, tafiyar awa uku da ɗan wani abu daga Atlanta zuwa garin Cherokee inda muka kama ɗaki.

Dajin yana kan iyakar jihar Tenesi da Karolina ta Arewa, an kafa shi a 1934, kuma duk gandun dajin ƙasa da ke Amurka babu wanda ake zuwa kamarsa, wajen mutum miliyan 12 a shekara, kuma kai kace rabinsu a satin da muka je suka zo. Ba a biyan kuɗin shiga, sai dai tun 2023 in zaka ajiye mota fiye da minti 15 sai ka sayi takarda, dala 5 ta yini, 15 ta sati. Nan Newfound Gap ɗin da muke tsaye, tsayinsa mita 1,538, a nan shugaba Roosevelt ya tsaya ya ƙaddamar da dajin a 1940, akwai wani gini na dutse da aka yi don tunawa da dala miliyan 5 da gidan Rockefeller suka bayar aka cika kuɗin sayen filin, yara suna ta hawa suna tsalle a kai, manya kuma sun yi layi kowa na so a ɗauke shi ƙafa ɗaya a Tenesi ɗaya a Karolina.

Fim biyar na tafi dasu, uku Ilford HP5 mai saurin 400, biyu FP4 mai 125, kowanne hoto 36, kenan harsashi 180 gareni na kwana uku, kuma kowane nadi kusan dala goma yake ci kafin ma a zo maganar wanki. Mutumina kafin mu bar wurin ajiye mota ya ɗauki fiye da haka a wayarsa.

Ranar farko na tafka wautar da na riga na karanta cewa ana tafkawa, amma ka san karatu daban ido daban. Duk inda na ga bishiya ta yi ja jawur a tsakiyar kore sai zuciyata ta buga in ɗaga kyamara in danna. Akwai irin bishiyar nan da ganyenta ke jikin tutar Kanada, in rana ta bugo ta ta baya wallahi sai kace wuta ta kama. Matsalar ita ce fim bai san ja ba bai san kore ba, abu ɗaya ya sani, wannan ya kai wannan haske ko bai kai ba. Jan ganye da koren ganye kuma sau da yawa haskensu ɗaya ne, to duka sai su fito toka iri ɗaya, bishiyar da ta tsayar da kai a hanya ta narke cikin 'yan uwanta ka neme ta ka rasa. Rigar Baba da hularsa kenan.

Maganin abun shi ne filta, ɗan gilashi mai kala da ake ɗaurawa a bakin kyamara. Dokarsa mai sauƙi ce, kowane filta yana haskaka kalar da ta yi kama dashi ya duhunta kishiyarta. Ka sa ja, jan ganye ya koma fari fat, kore ya yi duhu, shuɗin sama ya koma kusan baƙi. Ka sa rawaya abun ya zo da sauƙi sauƙi, gajimare ya ɗan fito daga jikin sama. Ruwan lemo yana tsakaninsu. Amma ba kyauta suke aiki ba, haske suke ci, rawaya mataki 1, ruwan lemo wajen 2, ja har 3, kuma kowane mataki ninki ne, wato da jan filta sai ka ba fim haske ninki takwas. Ina da ukun duka a aljihu, sai da yamma ta yi na tuna dasu, na ɗaura jan na hau ɗauka ina jin kaina wani gwani, na kuma yarda da abun da allurar kyamara ke gaya min ta bayan jan gilashi, wanda daga baya na gane ƙarya take min.

Washegari muka yi asuba a ɗaki muka kama hanya cikin duhu, a wannan lokacin rana ba ta fitowa sai takwas saura. Kuwohi muka nufa, dutsen da ya fi kowanne tsawo a dajin, mita 2,025. In ka duba tsohuwar taswira zaka ga Clingmans Dome, sunan wani sanata ne da ya zama janar a ɓangaren 'yan kudu lokacin yaƙin basasar Amurka, sai a watan Satumban 2024 aka mayar masa da sunan da 'yan ƙabilar Cherokee ke kiransa tun asali, su ne suka nema aka kuma basu. Daga babban titi kilomita 11 ne na kwana kwana, sannan ka ajiye mota ka taka wajen mita 800 a ƙafa, hanyar da kwalta amma a miƙe take kamar tsani, ni da nake ganin ina da ƙarfi sau uku ina tsayawa ina riƙe gwiwa, mutumina yana bayana yana ta "Malam dan Allah wa ya aike mu".

Da muka kai sama babu komai. Hazo ya rufe ko'ina ruf, hasumiyar siminti da aka gina a 1959 wadda ake hawa ta wata doguwar gada mai zagaye, rabinta ya ɓace a cikin fari, mutane sun tsaya cirko cirko da wayoyi a hannu an rasa abun ɗauka, wata mata tana ta yi wa mijinta mita. A wannan tsayin dama babu jan ganye, itatuwan irin na kirsimeti ne masu allura da ba sa zubar da ganye, kuma da yawansu matattu ne a tsaye, farare ƙal ba ɓawo ba reshe sai ƙashi. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ya shigo daga Turai ya kashe mafi yawan manyan, ƙananan suna tasowa a ƙarƙashinsu in sun girma shi kuma yana jiransu. Jiya da rana da kala ta cika min ido ko kallonsu ba zan yi ba. Yau da aka ɗauke kalar su kaɗai ne a wurin, wannan a kusa baƙi ƙirin, na bayansa toka, na bayan wancan kamar an zana da fensir an goge, sai na ji gabana ya faɗi irin na jiya amma wannan karon abun da na gani fim ma zai gan shi.

A nan sai ka yi wa mitar auna haske ta kyamara gardama. Ita duk abun da ka nuna mata so take ta mayar dashi ruwan toka matsakaici, ka nuna mata farin hazo tace haske ya yi yawa a rage, in ka bi ta hazonka ya fito kamar hayaƙin taya. Sai na ƙara mataki ɗaya da rabi a kan abun da tace, na cire filta gaba ɗaya don ja yana yanke hazo ne ni kuma hazon nake so. Yatsuna sun ƙage don sanyi har bana jin maɓallin, gilashi yana ta yin raɓa ina gogewa da gefen riga. Can wajen tara saura sai iska ta yaye hazon ta gefe ɗaya kamar an ɗaga labule, duwatsu suka fito layi layi, na ƙirga bakwai, kowanne ya fi na gabansa haske har na ƙarshen ya haɗe da sama. Bai fi minti biyu ba ya sake rufewa. Uku na samu na ɗauka.

Wannan shuɗin hayaƙin da ke kwanciya tsakanin duwatsun shi ya ba wurin sunansa, kuma ba wuta bace, itatuwan ne da kansu ke fitar da wani tururi mai sinadari ya haɗu da laima ya watsa haske. Ga mai hoto abun alheri ne kuma masifa ne, don yana raba maka duwatsu hawa hawa amma yana cinye ƙarfin hoto. Shi kansa Ansel Adams, wanda in ana maganar hoton duwatsu baƙi da fari a Amurka sunansa ake fara kira, da ya zo nan a kakar 1948 sai da ya rubuta wa abokansa cewa wurin zai yi wuyar ɗauka ƙwarai. Ya saba da duwatsun Yosemite tsirara masu kaifi, nan kuma komai a lulluɓe yake da itace. Hoton da aka fi sani ya fito dashi daga nan ma ba na dutse bane, itatuwa ne da asuba, ganyen na walƙiya a kan duhun daji. Na ji daɗin sanin wannan ba kaɗan ba.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai George Masa ne. Mutumin Japan ne, ya iso garin Asheville a 1915 ya kama aiki a wani babban otal yana yi wa baƙi hidima, daga nan ya koma ɗaukar hoto. Ya dinga shiga dajin nan da katuwar kyamara irin mai ƙafa uku da ake lulluɓa da baƙin ƙyalle, yana tura wata tayar keke da ya ɗaura wa mita don auna tsawon hanyoyi, yakan kwana a kan dutse yana jiran haske ya yi masa yadda yake so. Hotunansa suna cikin abun da aka nuna wa manya da masu kuɗi har suka yarda wurin ya cancanci a kare shi daga kamfanonin katako da ke ta sare shi a lokacin. Ya mutu a 1933 ba shi da ko sisi, saura shekara ɗaya a kafa dajin, sai a 1961 aka sa wa wani tsauni sunansa, Masa Knob. Baƙo a ƙasar mutane, turancinsa da karkata, yana yawo da kyamara ana masa kallon wannan kuma me ya kawo shi. Ban ce ni shi bane, ni ko tudun mita 800 da ƙyar na hau, amma dai na tuna dashi lokacin da wani dattijo ya tsaya yana kallon kyamarata yana tambayata daga ina, nace Najeriya, yace a'a kyamarar yake nufi, irinta ya koya da ita a makaranta.

Da la'asar muka tsallaka ɓangaren Tenesi muka shiga Tremont, inda wani reshe na kogin Little River ke gangarowa tsakanin duwatsu, kwalta ta ƙare aka koma tsakuwa. Nan ne na huta da mutane. Cikin kwazazzabo ne rana ba ta isowa, duwatsun baƙaƙe jiƙaƙƙu, ganyen rawaya sun faɗo sun manne a jikinsu kamar an liƙa, wannan kam ko ba filta rawaya a kan baƙi zai fito. Na kafa mai ƙafa uku na sa FP4, ina so ruwan ya fito kamar an zuba nono. K1000 ba ta wuce daƙiƙa ɗaya da kanta, daga nan sai ka juya ta kan B ka riƙe da igiya kana ƙirge. Na auna da ƙofar haske a f/8 ta bani daƙiƙa 1, kenan in na tsuke ta zuwa f/16 daƙiƙa 4, sai kuma wani hali da fim ke dashi, in ɗauka ta wuce daƙiƙa ɗaya sai ya fara kasala, hasken da ka bashi ba ya karɓa duka, dole ka yi masa ƙari, 4 ta koma wajen 6, 10 ta koma wajen 18. Ina tsugune a kan dutse ina ƙirga ɗaya, biyu, uku da ƙarfi, mutumina yana zaune yana cin gyaɗa yace wai in an tambaye shi zai ce ruƙiyya nake wa kogin.

Rana ta uku Cades Cove, kuma nan ne ta leƙo ta koma.

Kwari ne shimfiɗaɗɗe duwatsu sun kewaye shi, hanya ɗaya ce mai zagaye kilomita 18 ba a juyowa, a watan Oktoba kuma tafiyar sai ta ci maka awa uku ko huɗu don go sulo, da an hango baƙar dabbar nan beyar ko barewa shi kenan kowa ya taka birki a tsakiyar titi, duk da doka tace kar ka matsa kusa da beyar ƙasa da yadi 50. Mun isa tun kafin a buɗe ƙofa, na canza fim a cikin mota da sanyin hannu ina sauri. Da aka buɗe muka shiga, jama'a abun da na gani ba zai faɗu ba, hazo ya kwanta a kan ciyawa iya gwiwa, rana ta ɓullo ta bayan dutse tana ratsa shi, shingen katako, dawakai kamar inuwa, barewa uku a gindin wata bishiya. Na dinga ɗauka ina hamdala. Muka tsaya a bukkar John Oliver, shi da matarsa ne turawan farko da suka zauna a kwarin a 1818, ana ba da labarin 'yan Cherokee ne suka ciyar dasu da busasshiyar kabewa suka tsallake sanyin farko, shekara 20 bayan nan a 1838 gwamnati ta tasa ƙeyar yawancin 'yan Cherokee zuwa yamma dubbai suka mutu a hanya. Su ma jikokin turawan da suka gaje wurin, da aka zo kafa gandun daji sai aka ce su tashi, a faɗin dajin sama da masu fili 1,200 ne suka bar gonakinsu, wani tattaɓa kunnen Oliver ɗin ya yi ta shari'a har kotun ƙolin jiha, ƙarshe dai a 1937 ya kwashe kayansa. Aka rushe yawancin gidajen aka bar tsofaffin na gungume don su suka fi kama da abun da baƙi ke son gani. A bayan wata tsohuwar coci ta 1887 akwai maƙabarta, duwatsun kabari ƙanana ƙanana da yawa na jarirai ne, wasu ranar haihuwa da ranar mutuwa ɗaya, hasken safe ya bugo su ta gefe rubutun ya fito raɗau. Na durƙusa na ɗauki wannan har sau huɗu.

Sai na ga lamba ta kai 36 hannun bai tsaya ba. 37. 38. Na ja na sake ja yana ta tafiya sumul ba nauyi. Na kalli ɗan marfin naɗewa na hagu na ja hannun, bai juya ba. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan kyamarar ya san me kenan, bakin fim ɗin bai kama ba tun a mota, duk safiyar nan iska nake ɗauka. Na buɗe bayan kyamara ga fim nan kwance lafiya lau a cikin gwangwaninsa ko motsi bai yi ba. Innalillahi kawai nake maimaitawa. Mutumina ya buɗe baki zai yi magana ya kalli fuskata ya mayar ya rufe, Allah ya saka masa. Akwai 'yar hanyar tsakuwa da ke ratsa tsakiyar kwarin da zaka iya bi ka sake zagayowa, amma me zan koma in tarar, hazo ya tashi rana ta take, motoci sun yi layi kamar ana rabon mai. Na sake saka fim ɗin, wannan karon sai da na ga marfin na juyawa da idona, na ƙarasa shi a injin niƙa na Cable mai aiki da ruwa da wata 'yar bukka ta kusa da ƙarshe, ina ɗaukar jikin katako da ƙofa da taga, raina a ɓace. Mutumina ya turo min nasa na waya daga baya, suna da kyau, ban ko ajiye su ba.

Wanki a banɗaki nake yi. Akwai baƙar jaka mai hannu biyu da ake zura hannu a naɗa fim a kan faifai ba tare da an gani ba, sai a rufe a tanki, daga nan komai a cikin haske ne. Ruwan wankin fim na ID-11 rabi da rabi da ruwa, zafinsa digiri 20 daidai, HP5 minti 13, FP4 minti 11, kowane minti ka juya tankin na daƙiƙa goma ka ɗan buga shi a ƙasa don kumfa. Sai ruwan tsayarwa mai warin binega, sai mai kama hoto minti biyar, sai ɗauraya, sai shanya da maƙalan kaya a jikin sandar labulen wanka. Dare uku ina wannan, uwargida ta ƙwanƙwasa tace "Malam wai yaushe za a sakar mana banɗakin ne, yara fa zasu yi wanka, kuma wannan warin ya isa haka."

Nadin ranar farko kamar yadda aka yi alkawari, toka a kan toka, ina kallon dodon ina tambayar kaina wai me na gani a nan. Na jan filta sun fito sirara don haske bai ishe su ba, inuwa duk ta mutu, amma guda biyu sun tsira kuma abun mamaki ne, ganyen fari tas kamar gonar auduga ta fashe a ƙarƙashin baƙin sama, kyau kam akwai sai dai ba wurin da na je bane, ni ruwan lemo zan riƙe nan gaba. Na kogi sun yi, banda ɗaya da ƙafata ta taɓa mai ƙafa uku. Na Kuwohi kuwa da na ɗaga su a fitila suna ɗigar ruwa sai da na zauna a bakin baho. Matattun itatuwan nan, da duwatsu bakwai, dukansu bakwai ɗin sun fito ana ƙirgawa. Cikin 180 waɗanda zan iya nuna wa mutum ba kunya tara ne, biyu na kai aka buga min a takarda.

Na ɗauki na duwatsun da waya na tura wa Hajiya ta WhatsApp. Sai ga saƙon murya, ana jin kaji a bayanta, tace "ikon Allah, ashe ku ma kuna hazo haka, to ka dinga rufe ƙirjinka kana shafa mai, kar ka ce kai babba ne. Amma ina ce yanzu an daina irin wannan hoton, ko kuɗin ne babu? Su itatuwan wace kala ce?" Na danna na fara yi mata bayani, na ƙasa ja ne Hajiya, ja sosai kamar dara, na tsakiya ruwan ɗorawa, na can sama kuma kore ne mai duhu, na bayansu shuɗi shuɗi. Ta saurara, alamar ta nuna ta ji. Can ta dawo tace to madalla, Allah ya tsare, in turo mata na yaran masu kala, kuma mai gyaran kwano ya zo ya duba ɗakin baya yace sai an sauya falle shida.